Makon da Na Jefa Ƙauyenmu Cikin Gulbi

Tun da aka shimfiɗa duniya, ban ji an ɗora wa ɗan Adam nauyi irin wanda aka ɗora mini a ofishin safiyo na Gusau ba: in ɗauko duniya da zagayenta, in kwantar da ita a kan takarda. Masu awo sukan fita daji su dawo da lambobi, digiri kaza arewa, digiri kaza gabas. Ni kuma in buɗe littafin jadawali, in mai da digirin nan ƙafa-ƙafa, in auna a taswira, in ɗiga fensir. Inda na ɗiga, nan gari yake, ko mutanensa sun yarda ko ba su yarda ba.

Wani rani, saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, aka ce za a gina rijiyoyin siminti, amma sai ƙauyen da taswira ta nuna yana nesa da ruwa. Ran Juma'a za a aika da sunaye. Ƙauyenmu, yamma da Bungudu, yana cikin waɗanda aka auna. Innata kuwa da sassafe take fita da tulu, sai hantsi ta dawo. Da na je gida ta ce, "Kai da kaka zama kusa da hukuma, in ba ka samo muna rijiya ba, mi anka kai ka makaranta yi?"

Litinin na yi ƙauyukan Tsafe, kowanne ya zauna inda Allah ya ajiye shi. Talata na zo kan namu. Na lissafa, na auna, na ɗiga. Tsakiyar gulbi. Gulbin da Inna ke taka mil uku kafin ta gan shi.

Babban akawunmu, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya leƙo.

"Malam ƙarami, ashe danginka kifaye ne? Me kifi zai yi da rijiya?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ko kwaɗo ba ya kwana garinmu."

"Ni takarda na sani."

Laraba na sake lissafin sau bakwai, sau bakwai ina nutsar da uwata. Na zargi masu awo, na zargi rula, na fere fensir har ya ƙare. Na yi tunanin in goge ɗigon in matsar da shi a ɓoye, sai na tuna takardar lissafi tare take tafiya da taswira, kuma akwai mai dubawa. Tuwon da aka kawo mini ya sandare a kwano.

Alhamis bayan azahar na ajiye girman kai, na durƙusa gaban dattijon.

"Baba, ka taimake ni. Gobe za a aika."

Bai ko dubi lambobin ba. "Wane littafi ka ɗauka?"

"Na Bungudu."

"Don me?"

"Ai ƙasar Bungudu ce. Hakiminmu can yake, kasuwarmu can take."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Digiri hakimi yake bi?"

Sai a nan na tuna abin da na haddace a aji har aka yaba mini. Masu taswira sun yanka ƙasar nan a tsaye gida uku, kamar kabewa, kowane yanki da littafinsa, kuma yanka ɗaya ya ratsa tsakanin Bungudu da ƙauyenmu. Mu a yankin yamma muka faɗa. Ni kuwa hannuna bai taɓa tunanin raba mu da Bungudu ba, tunda kakannina ma ba su rabu da ita ba.

Na ɗauko littafin yamma, na sake lissafi. Kafin la'asar ƙauyenmu ya fito daga ruwa, ya koma kan tudunsa, mil uku cif. Sunansa ya shiga. Na aika wa Inna albishir, ta aiko mini da daddawa da albarka.

Bayan kaka mahaƙa suka zo, suka haƙa gaba goma sha huɗu. Ba a sami ruwa ba.