Hoton da Goggo Ta Aike Ni Karɓowa

Talata: Azare zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na ja ƙofar gida, na rataya jakar tsohuwar kyamarata, na nufi tasha a ƙafa. Daminar 2008 ce, cikin watan Agusta, an kwana ana yayyafi, gari sai ƙamshin ƙasa. Sunana Sale, amma a Azare in ba ka ce Sale Mai Hoto ba, ba wanda zai nuna maka shagona. Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci da kyamarar fim. Ranar nan na tashi ne in je Kano in sayo ta zamani, dijital, irin babbar nan da ake cire mata ido a sa wani. Idon nan shi muke ce wa lensi.

Abin da na gaya wa abokan sana'a ke nan. Akwai aike na biyu da ban gaya wa kowa ba. Kwana uku kafin nan saƙo ya zo daga Katagum cewa Goggo Hansatu, ƙanwar mahaifina, tana kwance ƙafafunta sun kumbura, kuma ta ce tunda zan je Kano in daure in karɓo mata hotonta. Hoton nan kuwa babu shi, ni kaɗai na san haka.

Bas ba ta cika ba sai ƙarfe bakwai saura kwata. Kuɗin mota naira ɗari bakwai. Direbanmu Malam Bukar ne, Babarbaren da aka haifa a Azare, wanda har gobe bai yafe mini hoton aurensa da na yanke masa rabin hula ba. Da ya gan ni sai ya ce wa fasinjoji kowa ya riƙe hularsa, mai yanka ya shigo. Mun wuce gadar Jama'are ƙarfe bakwai da minti ashirin, kogi ya cika ya yi ja, mata na wanki a gefe.

Kafin Kiyawa muka tarar da shingen 'yan sanda. Ɗaya ya ce in buɗe jaka, da ya ga kyamara sai ya gyara ɗamara ya ce a ɗauke shi. Ban ko yi tunani ba na ɗaga na haska masa filas, ya yi godiya ya ɗage mana katako. Ko fim babu a ciki. Malam Bukar ya gane, ya yi ta dariya har Shuwarin, ni kuwa dariyar ba ta zo mini ba.

Bari in yi bayani don 'yan baya. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ci, kowanne da kuɗinsa. In ka je biki kowa jan rigarka yake, wanda zai biya da wanda ba zai biya ba, kuma ba a cewa dattijo fim ya ƙare a gaban jama'a. Sai ka saita, ka ce a yi murmushi, ka haska wuta kawai. Harbin iska muke ce masa. Duk wani mai hoto na zamanin da ya ce maka bai taɓa yi ba, ka dube shi da kyau.

Shekara shida kafin wannan tafiya aka yi sunan ɗan ƙanena a Katagum. Babanmu malami ne, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, cewa yake fuskarsa tana nan ga mai son gani. Ranar nan da yamma, ban san me Goggo ta faɗa masa ba, sai ga su sun fito sun zauna a tabarma ɗaya, ta aika a kira ni. Na riga na ƙarar da fim biyu a kan 'yan mata da abokan angon ƙarni. Kunya ta hana ni faɗa. Na ce a raina, in Salla ta zo na ɗauke su da kyau. Na haska musu wuta. Wata huɗu bayan nan Baba ya rasu.

Tun daga lokacin duk zuwana Katagum sai Goggo ta tambaya. Na ce fim yana Kano wurin wanki. Na ce injinsu ya lalace. Na ce mai shagon ya tafi garinsu. Har na fara rage zuwa, ni da nake tafiya duk wata.

Mun tsaya Wudil ƙarfe tara da rabi, na sha furar naira hamsin na haɗa da masar da na ƙunso daga gida. Muka shiga tashar Unguwa Uku ƙarfe goma sha ɗaya saura, tafiyar kilomita ɗari biyu da ɗoriya.

Kano: Sabon Gari da Fagge

Ɗan acaba ya ajiye ni Sabon Gari, shagon wani ɗan ƙabilar Ibo mai Hausa kamar a bakinsa aka yanke mata cibi. Ya jera mini kyamara uku a kan gilashi. Babbar ta 'yan jarida ce, da na ji kuɗinta na mayar da hannuna aljihu. Sauran biyun na masu farawa ne, marasa nauyi, kowacce da lensinta na sha takwas zuwa hamsin da biyar, wanda yake buɗewa ya ɗebi taro ko ya matso ya ɗauki mutum ɗaya. Sannan ya ciro wani dogon lensi kamar muciya, ya ce wannan daga tsallaken titi zai kamo mini mutum har da ƙurjin fuskarsa.

Gaskiya raina ya biya. A Azare tsawon lensi ake dubawa kafin a kira ka biki, in ka zo da gajere sai a ce yaron mai hoto aka turo. Na dai daure na ce zan dawo, na wuce Fagge wurin Malam Inuwa, tsohon da yake gyara mini kyamara tun ina koyon aiki.

Shagonsa yana nan yadda na san shi, ɗan ƙarami, warin man inji, gawarwakin kyamarori a rataye. Sai dai ba layi kamar da, shi kaɗai na tarar yana jin rediyo. Ya saurare ni har na gama zuba a kan dogon lensi, sannan ya cire tabarau ya ce, "Sale, a ina kake ɗaukar mutane? A tsallaken titi ko a ɗakin uwarsu?"

Ya ce in sayi wadda kamfaninsu ɗaya da tsohuwata, don bakin da ake ɗaura lensi ya zo daidai. Ya zazzage jakata, ya tsinto wani ɗan guntun lensi mai lamba hamsin da na yi shekaru ban waiwaya ba, ya goge shi da gefen rigarsa. Ya ce wannan shi ne mai gani a ɗaki mai duhu ba sai da filas ba, sai dai da hannu zan riƙa saita shi kamar yadda na saba. Kuɗin dogon kuwa in sa su a batir na biyu, tunda ya san halin wutar garinmu, da katin ajiye hoto guda biyu, da gilashin kare lensi, da jakar da ruwa ba ya ratsawa. Kada in ruɗu da yawan lambobin da ke jikin kwali, in ji shi, hoton bango da na fasfo ko ƙaramar ta ishe ni.

Bayan la'asar na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Na shiga wani wurin wankin hoto da ake aiki da kwamfuta, don na ji ana cewa suna haɗa mutum biyu da ba su taɓa zama tare ba. Na tambaya ko za su haɗa mini tsoho da ƙanwarsa. Matar da ke kan injin ta ce abu mai sauƙi, in kawo hotonsa ko da na katin shaida ne, ko ya koɗe. Baba kuwa ko ɗaya bai bari ba. Na yi godiya na fito.

A Fagge na kwana, ɗakin abokina Habu mai ɗinki, wanda muka yi firamare tare a Azare. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, muka yi hirar malamanmu da masu mangwaron da muka sha sata.

Laraba: ciniki da komowa

Ƙarfe tara na safe ina Sabon Gari. Na zaɓi ɗaya daga na masu farawa, mai shagon ya fara da dubu ɗari da goma, muka yi ta ja, na tashi sau biyu yana kirana, har muka tsaya a casa'in da biyar, ya ƙara mini jaka. Batir da katuna daban na saya. Dogon lensi na bar masa, yana ta ce mini zan yi nadama.

Shi na fara ɗauka don gwaji. Ina dannawa sai ga fuskarsa a ɗan allon bayan kyamara, har da haƙorin Makka da ban lura da shi ba. Ya miƙo wuya ya ce mu gani. Nan na gane daga yau kowa haka zai ce. Harbin iska ya ƙare, kuma ya ƙare ne a makare.

Na bar Unguwa Uku ƙarfe ɗaya, ruwan sama ya raka mu daga Wudil har Kiyawa, kyamara na kan cinyata na rungume kamar jariri. Na iso Azare biyar saura. Ba wuta, sai wurin maƙwabcina mai janareto na sa caji.

Alhamis: Azare zuwa Katagum

Na shiga motar farko ƙarfe shida da rabi. Tafiyar ba ta wuce kilomita tamanin ba, amma awa uku muka yi, don ruwa ya cinye hanya a wuri biyu, sai da muka sauka muka naɗe wando muka tura. Wannan hanyar na sha bin ta da Baba ina yaro, yana riƙe da butarsa, yana gaya mini sunan kowane ƙauye da malamin da ya sani a ciki. Gero ya fitar da kai, fadama ta yi kore shar, Fulani na kora shanu zuwa tudu. Duk tsawon hanyar ina shirya wata sabuwar ƙarya ina rushewa.

Ɗakin Goggo taga ɗaya gare shi, ƙarama. Na same ta a jingine da bango, ta rame, ƙafafun an ɗora su a matashi. Sunan mahaifinta na ci, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Babana, ka dawo? Ka karɓo?"

Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi jiki, na sake tambaya. Da gaisuwa ta ƙare mini sai na ce, "Goggo, ba hoton. Ranar nan fim ya ƙare, wuta kawai na haska muku. Duk shekarun nan ƙarya nake miki."

Ta juya fuska wajen bango. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, kwana uku ta yi tana roƙonsa kafin ya yarda, kuma ita ta sa shi ya sa sabuwar hula.

"Da ka faɗa a lokacin, ai da mun sake zama," in ji ta.

Na fita zaure na zauna, aka kawo mini dambu da nono na kasa ci. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta ranar ba.

Bayan azahar surukarta ta leƙo ta ce ana kirana. Na tarar an ɗaura mata ɗankwalin atamfa, an gyara mata zama kusa da taga. Ta nuna jakata da haɓa, ta tambaya ko wannan sabon yana da fim a ciki. Na ce ba ya cin fim, yanzu-yanzu za ta gani. Ta ce to in ɗauka, ta gani da idonta.

Na cire lensin da ya zo da kyamarar, na ɗaura ɗan guntun nan na Malam Inuwa. Ban kunna filas ba, hasken taga ya isa. Na murza shi har idanunta suka fito tar, na danna. Na matsa na juya mata allon.

Ta karɓa da hannu biyu, ta kai kusa da fuska, ta ja baya, ta sake matsowa. Ta shafa allon da yatsa.

"Wannan goshin ai na Yaya ne," ta ce a hankali. "Da bakin. Yaushe na zama shi ban sani ba?"

Ta share ido da gefen zane, ta miƙo mini kyamarar. Ta ce in wanke babba, kuma wannan karon in kawo da kaina. Ba ta ce ta yafe ba. Amma da zan tafi ta sa aka ƙulla mini busasshen kifi a leda, yadda take yi in na zo a da.

Komawa gida

Na baro Katagum uku da kwata, na sauka Azare ƙarfe shida, lafiya lau. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Habu da iyalinsa, da Malam Inuwa da ya hana ni sayen abin da ba zai shiga ɗakin Goggo ba, Allah ya jiƙansa. Ranar Asabar na kai wa Goggo hoton a firem. Ta yi azumi da shi a rataye a gabanta, ta rasu bayan ƙaramar Salla.

Amma yammacin Alhamis ɗin nan ban wuce gida kai tsaye ba. Na buɗe shago na zauna a benci, saura kaɗan a kira magariba. Na kunna kyamarar, na jawo fuskar Goggo har ta cika allon, na sa babban yatsa na rufe ɗankwalin, sai ga goshin Baba da bakinsa. Har ladan ya gama kiran salla ban ɗauke yatsan ba.