Farar Rigar Anti Nas

A layinmu kowa Anti Nas yake ce mata, har ni da na san asalin zancen. Shara ta yi a asibiti, da wanke tasar majinyata. Shara ba abin kunya ba ce, wallahi. Amma tana barin aikin sai ga ta da farar riga, ta rataya abin awon ƙirji mai karyayyen kunne, ta jera kwalaben magani a kan mataccen firjin falonta. Shi ke nan, mun samu likita! Ciwon kai allura, ciwon ciki allura, ko kuka yaro ya cika yi sai ta ce a juyo mata shi.

Ƙanwata tela ce. Tun rasuwar mijinta, da ɗan shagonta take riƙe yaranta: keken ɗinki guda ɗaya na takawa da ƙafa, da bencin da mata ke cikawa suna hira suna jiran ɗinki. Sai wani kumburi ya fito mata a gefe guda na bakin gabanta. Da fari ba zafi, daga baya ya kai girman ƙwai, zama ya gagare ta. Mai taka keke kuwa zama ne aikinta. Kunya ta hana ta zuwa asibiti, ta lallaɓa wurin Anti Nas.

"Haba ƙanwata, maruru ne!" in ji gwanar. "Irinsa nawa na fasa?"

Ta caka allura, ta matse. Ya sake cika, ta sake cakawa. Haka ta yi ta yi har zazzaɓi ya kayar da yarinyar nan.

Da abin ya fi ƙarfinta, kuna tsammanin za ta ce ban iya ba? Ina! Sai ta raɗa wa mai kitson layinmu, wai a sirrance, cewa ciwon 'yan yawo ne, shi ya sa ba ya jin magani, kuma ko a wurin zama ana ɗauka. Mai kitso fa! Kafin yamma layi ya ɗauka.

Ni na kai ƙanwata asibiti. Likitar ta ce wata 'yar jaka ce da ke jiƙa wurin, kowace mace na da ita. Bakinta ne ya toshe, ruwa ya taru ya zama mugunya. Ta ce ba a ɗaukarsa a benci. Ta tsaga, ta sa ɗan siririn bututu don kada ya sake rufewa, sannan ta tambayi wanda ya yi ta cakar wurin. Ƙanwata ta sunkuyar da kai.

Ta warke, ta koma kan keke. Amma benci ya zama na ƙura. Na bi gida gida ina maimaita maganar likita, ana ce mini "Allah sarki", ana kai ɗinki wani layin.

Jiya ina shagon, tun safe ko mai neman gyaran zip ba ta leƙo ba, sai ga Anti Nas da farin yadi a leda. Rigar aikinta wai ta tsufa, a ɗinka mata sabuwa. Raina ya ɓaci, na tura mata bencin da ƙafa.

"Zauna mana, Anti."

Ta kalli bencin, ta gyara mayafi. "A'a, bari dai na tsaya."

Na buɗe baki ke nan, ƙanwata ta dafa hannuna. Ta ɗauki tef, ta fara auna mata kafaɗa.