Keken Inna ya ƙi ɗinki

Jama'a, har na ɗaure keken ɗinkin Inna a bayan kabu-kabu, za ni wurin mai gyara a Gummi!

Gobe sunan ɗiyar yayata, ga bargon ƙyallayen da nake haɗa mata bai kai rabi ba, keken kuma sai tsinke zare yake. Na zuba mai, a banza.

Inna ta leƙo. "Ke, sauke min kekena! Mi ya same shi?"

"Tsufa, Inna."

Ta kwance allura, ta juya ta, ta murza hannu. Tatatata, ɗinki sumul!

"Tsufa ko? A baibai kika sa allura."

Guɗa na rangaɗa, mai kabu-kabu ya tafi yana dariya.

Iyayenmu dai sai Allah. Wa tsohuwarsa ta taɓa kunyatawa haka?