Kawu Manu Mai Alli

Duk wanda ya san injin casar shinkafa na Kawu Manu a Illo ya san allin nan da ke maƙale a bayan kunnensa. Ko masallaci da shi yake zuwa. Tun da aka kai masu injina bita Birnin Kebbi, aka ce musu kowane abu da wurinsa, kuma kullum a gyara abu ɗaya, shi ke nan mu ma'aikatansa muka shiga uku. Kafin ka gama sallama ya jefo maka: "Yau mi munka gyara?"

Ya bi bango ya zana siffar kowane kayan aiki: sifana, guduma, tsintsiya, har buta. In zane ya zama wayam, an ɗauka ba a mayar ba ke nan, sai ka ji shi: "Wa yaɗ ɗauka?" Takalmansa ma ya zana musu wuri a bakin ƙofa.

Sai ya ce masu dako na shan tafiya zuwa sikeli, kullum a matso da shi taki ɗaya wajen ƙofa. Kai, kafin mu ankara sikeli na bakin titi! Iya Bose, wadda ke sarin shinkafarmu, ta riƙe baki: "Baba, a haka kafin Sallah a ƙasar Benin za a auna mini!" Ya ce, "Madalla, can ma akwai kasuwa."

Ya rataya gwangwanin madara, wai na shawara. Wani shaƙiyyi ya rubuta: Kawu ya riƙa hutawa gida. Ya kuwa gwada, yini guda. Da ya dawo ya tarar aikin da muka yi ya fi na kullum yawa, sai ya haɗe rai ya ce, "Gwaji guda bai zama hujja." Bai sake gwadawa ba.

Tawa ta same ni ranar da babbar sifana ta ɓace, ni ne mai kula da inji. Ya ce, "Sahabi, ɗan ƙanwata kake, amma in Juma'a ta yi ba sifana, ka nemi wani aiki." Ga iyali, ga matata da tsohon ciki! Na birkice ɗakin inji, na tone buntun shinkafa kamar kaza, babu. Ranar Alhamis sheɗan ya ba ni dabara: na jiƙa tsumma na goge zanen. Ba zane, ba ɓata.

Kawu na shigowa ya tsaya ƙikam a gaban bangon. "Jiya sifana ta ɓace, yau har inuwatta?" Ya sa hannu aljihun babbar riga zai zaro sabon alli, sai ga sifana ta fito!

Na zaci zai ba ni haƙuri. Ina! Ya juya ta, ya yi gyaran murya: "An ce muna can wurin bita, ba mutum ka laihi ba, tsari na. Aljihun ga ad da laihi." A ranar ya kai rigar wurin tela aka ɗinke aljihun ruf. Ni kuma ya miƙo mini tsire a takarda, bai ko kalle ni ba.

Bara ya rasu, bayan ciwon kwana uku. Yanzu ni ke riƙe da injin, har da allina a kunne, ku yi ta dariya. Kowace Asabar ina bin zanen bango in sabunta, har da na bakin ƙofa. Wurin takalman nan wayam yake, kuma babu mai tambayar wa ya ɗauka, duk mun sani. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Manu, Ya gyara masa makwanci fiye da duk gyaran da ya sa mu.