Ramalan, Abokin Sanyinmu na Layin Dogo

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Ramalan mai walda na bakin tashar Arlit, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe da shi ba. Ni Halidu, mutumin Damagaram kamar shi, na zauna da niyyar rubuta baƙin ciki, amma duk abin da na tuna game da shi sai in samu kaina ina murmushi.

Yaya Ramalan, ka san inda muka haɗu: can tuddan arewacin Aljeriya, wajen wani kamfani mai shimfiɗa layin dogo. Mu uku ne 'yan Nijar a rukuninmu, kai da ni da Kalib, Kirista ɗan Maraɗi. Muna tsammanin mun san sanyi tunda mun zauna Arlit. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ni da Kalib muka tsaya cirko-cirko, yatsunmu sun ƙi lanƙwasuwa. Kai kuwa ka cika buta da ita, ka ɗora bisa wuta, ka ce, “A Arlit mata na can suna layin famfo, mu nan ruwa yana biyo mu har wurin aiki. Ku zo mu sha shayi.”

Aikin ba wasa ba ne. Ƙarfen dogo in ya kwana cikin sanyi, ka taɓa shi da hannu tsirara, sai ya kama fata ya ƙi saki. Tsakuwar da muke bazawa ƙarƙashinsa takan daskare ta zama dunƙule guda, sai an sha fama da diga. Da safar hannuna ta yage, ka yanki gefen bargonka ka naɗe mini tafin hannu. Ka yi wa wani ɗan Mali haka, ka yi wa wani ɗan Gine, har bargon ya daina rufe maka ƙafa. Kuma in za mu ɗaga ƙarfe kai ke ba da waƙa, kana saka sunan kowa a ciki kana tsokanarsa. Larabawan da ba su jin Hausa ma sun iya amshi.

Wata rana da yamma iska ta taso da dusa, kamiyon da ke mai da mu sansani bai iya isowa ba. Muka kama hanya a ƙasa muna bin layin, don shi kaɗai ake gani. Can sai Kalib ya zauna, ya ce mu ci gaba, barci yake ji, ƙafafunsa sun daina yi masa zafi. An riga an gaya mana wanda ya yi irin wannan barcin ba ya tashi. Ka duƙa ka goya shi kamar yaro. Don kada ya lumshe ido, sai ka shiga zagin furar Maraɗi, ka ce ruwa ce kawai da aka nuna wa gero. Kalib, da muryar da ba ta fita sosai, ya ce ƙarya kake. Haka kuka yi ta gardama a cikin farin duhun nan, ni ina gaba ina lalubo ƙarfe da ƙafa, har muka hango wutar sansani. Likita ya cire masa ɗan yatsan ƙafa, amma ya rayu. Ranar aurensa da Salomi kai ka fi kowa rawa.

Da muka dawo Arlit ka buɗe rumfar waldarka, ƙofofi da gadajen ƙarfen unguwarmu yawanci aikin hannunka ne. Amma da sanyi ya kama, hankalinka sai ya koma Assamakka, can kan iyaka, inda ake sauke 'yan'uwanmu da aka koro daga Aljeriya, wasu ko takalmi babu. Gida gida kake bi kana roƙon tsofaffin barguna da rigunan sanyi, ka ɗaure su, ka hau bayan mota ka kai da kanka. Matarka Zuwaira ta gaya mini sai da ta riƙa ɓoye bargon yara a gidan maƙwabta. Ta faɗa tana dariya, hawaye na zuba.

Ranar jana'izarka mutane suka cika maƙabarta: 'yan ma'adini, direbobi, Buzaye daga Dannet, da waɗansu samari da ba mu sani ba, suka ce ka taɓa lulluɓe su a kan iyaka. Kalib ya riga kowa zuwa, shi ya fara sara kabarin, ya ƙi ba kowa diga.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zuwaira, da ɗanka Muktar, da 'yarka Siddiƙa, da dangi na Damagaram. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya sa albarka a abin da ya bari.

Yaya Ramalan, da na je duba ka asibiti ka jawo hannuna, numfashi na yi maka wuya, ka ce, “Halidu, in ta faru, kada ka ce Allah ya sanyaya makwanci. Sanyin da na sha ya isa.” Na ce ka daina irin wannan magana, muka yi dariya tare. To Yaya, na ji. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya cika shi da haske, ya lulluɓe ka da rahamarsa kamar yadda ka lulluɓe bayinsa. Amin.