Ƙahon da Na Kafa wa Yayana

Ni wanzami ne ɗan wanzami a cikin birnin Daura. A shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu kasuwata ta buɗe, domin duk wanda ya ji ana cewa ƙaho sunna ne sai ya nufo zaurena. Nan fa kaina ya kumbura, ina ganin babu ciwon da zai gagari askata. Mai zuwa asibiti kuwa har tsiya nake yi masa.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Fataucin shanu yake yi, yau Baure gobe Babban Mutum, mutum mai jiki, ga son kitse da gishiri. Sai ya fara kukan nauyin ƙirji, 'yar tafiya kaɗan sai haki, ƙafafu suna kumbura. Matarsa ta matsa ya je asibiti, aka ce hawan jini ne har ya taɓa zuciya, aka ba shi ƙwayoyi, aka hana shi gishiri da maiƙo. Da ya nuna mini, dariya na yi. Na ce mataccen jini ne ya taru, kuma abin kunya ne a ce yayan wanzami yana tsattsagar ƙwaya kamar kaza. Na kafa masa ƙaho shida a gadon baya, na nuna masa baƙin jinin da ya fito, na ce ga ciwon nan a ƙasa. Ya ce ya ji sakayau, daga ranar ya ajiye magani. Matarsa ta same ni da hawaye, ta roƙe ni in sa shi ya koma kan maganin, tunda maganata kaɗai yake ji. Na ce mata ba ta san sana'ar gado ba.

Ba a yi wata uku ba, da hantsi yana tsakiyar ciniki a kara, wato kasuwar shanu, ya dafe ƙirji ya durƙushe. Kafin a iso da shi Daura rai ya yi halinsa. Ni na yi masa wanka. Da na juya shi, ga sawun ƙahona a bayansa bai gama ɓacewa ba. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma wannan bai wanke ni ba. Matarsa ba ta taɓa yi mini gori ba, shirun nata ne yake cina. Har yau ina sana'ata, sai dai wanda ya zo da ciwon ƙirji, haki ko kumburin ƙafa, nakan mayar da aska cikin zabira in ce ya je a auna jininsa. Jama'a, a rage gishiri da maiƙo, wanda aka ɗora kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Kada son a ce ka iya ya sa ka raba wani da maganinsa. Ni na yi, ga shi ba ni da wani yayan.