Sadakar da Na Yi da Sunan Yayana

Yayana ne ya kawo ni New York, kuma duk abin da zan faɗa a kansa ba zai goge wannan ba. Da tebur ɗaya ya fara a bakin Canal Street, yana sayar da tabarau da jakunkunan mata, sanyi yana cin yatsunsa. A lokacin ba mai riga shi gaisuwa. Da Allah ya buɗa masa, ya kama shago na sosai mai ƙofar gilashi, sai na fara jin tsoron kada wani abu ya same shi.

Ba sata ya fara ba, ba shaye-shaye ba. Amsa gaisuwarsa ce ta canza. Mu dai ko kasuwa ta yi wa mutum tsirara, in aka ce masa yaya kasuwa, da godiya zai ce. Shi kuwa ya yar da ita. Da kunnena na ji wani dattijo ɗan Maraɗi, wanda suka yi zaman tebur tare, ya tambaye shi kasuwa, Yaya ya ce kasuwa tana nan inda ya ajiye ta. Dattijon ya ce to Allah ya ƙara buɗi. Maimakon amin, sai Yaya ya yi dariya, wai buɗin nan da hannunsa ya buɗe shi, lokacin da wasu ke cikin bargo shi yana tsaye cikin ƙanƙara. Wallahi na rasa inda zan sa idona.

Ni ba gwanar haƙuri ba ce, kowa ya sani. Da dattijon ya fita na wanke Yaya tas, na ce bakin nan nasa zai ja masa. Ya ce tunanina na tsofaffin ƙauye ne, a ƙasar nan wanda ya yi aiki shi ke ci. Ko a jikinsa. Kuma salla bai fasa ba, azumi bai sha ba, abin da ya ƙara rikita ni ke nan. Goshi yana taɓa ƙasa sau biyar, amma kan bai sauka ba.

A shekarun nan aikina kula da wani tsoho Bayahude a unguwar Parkchester, tsohon tela, idonsa ya kusa tafiya amma bakinsa garau. Wata safiya na ɓalla masa maɓallan riga a karkace, ya shafa ya ji, ya tambaye ni abin da ke damuna. Ban san me ya sa na gaya masa ba. Sai ya miƙo hannu in yanke masa farce, ya ce akwai wani sarkin Babila a cikin littattafansu na addini.

Wai sarkin ya yi mafarkin wata ƙatuwar bishiya an sare ta, an bar kututture. Wani bawan Allah cikin bayin da ya kamo a yaƙi ya fassara masa, ya ce kai ne bishiyar, ka bar zalunci, ka ji tausayin talakawa, ko a ɗaga maka ƙafa. Sarki ya ji ya share. Aka shekara ba abin da ya faru, yana ci yana sha, ana busa masa. Ran nan yana yawo a saman fadarsa, ya dubi birnin ya ce da ƙarfinsa ya gina shi, don girman kansa. Bai rufe baki ba hankalinsa ya gushe. Aka kore shi cikin dabbobi, yana kiwo kamar sa, raɓa tana jiƙa shi, gashi ya cukurkuɗe, farce ya yi zaƙo-zaƙo. Na tambayi tsohon ko ya warke. Ya ce ya warke mana, bayan shekaru, ranar da ya ɗaga ido sama ya san wa ke da mulkin.

Shi a ganinsa ya kwantar mini da hankali. Ina! Shekaru fa ya ce, kuma na san yadda shekarun mai taɓin hankali suke a garin nan. Kullum ina wuce su a tashar jirgin ƙasa, a naɗe cikin kwali, suna faɗa da wanda ba a gani. Da can kau da kai nake yi. Daga ranar na fara duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Abu ɗaya na riƙe a labarin, maganar tausayin talakawa, don wannan mun san shi tun a gida. Tun da Yaya ba zai yi ba, ni zan yi masa. Duk Juma'a sai in soya waina, in cika kula, in kai ɗan masallacinmu da ke ƙarƙashin wani bene a Bronx, in ba ladan ya raba bayan salla, in ce daga Yaya ne. Shi a kusa da shagonsa yake Juma'a, na ɗauka ba zai ji ba. Wauta ce kawai, mutanenmu a garin nan ko tari ka yi a Bronx sai an yi maka sannu daga Port Richmond, can ɗaya ƙarshen gari. Wani direban tasi ya tsaya a shagon takanas ya yi masa Allah ya karɓa.

Yaya bai kira ni ba. Juma'ar da ta biyo ina ɓangaren mata, na leƙa ta gefen labule, sai ga shi a sahun gaba cikin farar shadda. Na saki labulen. Aka idar, aka raba waina a faranti, dattawa suka zauna zobe yadda suka saba. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, ya fara roƙa wa mai sadaka tsari, Allah ya kare shi da dukiyarsa, ya kau masa da abin ƙi. Sai Yaya ya miƙe. Ko murya bai ɗaga ba.

"Malam, a dakata. Wainar nan ba tawa ba ce. Ban aiko ba, ban kuma sa kowa ya roƙa mini komai ba. Abin da na tara ni zan tsare abina."

Liman tsoho ne mai sanyin hali, hannunsa yana sama har lokacin. Ya ce, "Alhaji, addu'a ce kawai. Ka ce amin mu shafa."

"A ba wanda yake bukata."

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an ɗaga hannu an sauke ba a shafa ba. Ran nan na gani. Hannun liman ya sauka a hankali kan gwiwarsa, sauran suka bi, ba wanda ya kai nasa fuska. Wani dattijo da ya riga ya gutsuri waina ya mayar da ragowar cikin faranti, ya goge yatsunsa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya yi masa wa'azi. Da ma zaginsa suka yi, da na fi samun sauƙi. Yaya ya sa takalminsa, ya tarar da ni a bakin ƙofa, ya ce kar in ƙara. Har da tambayata ko zai rage mini hanya. Na ce a'a.

Ladan ya kawo mini kular ba tare da ya dube ni ba, kusan a cike. Haka na rungumo ta a jirgi har gida, na ajiye a kicin. Ni ma ban iya ci ba, kuma ban san da sunan wa zan ba wani ba.

Yaya yana nan lafiyarsa ƙalau. Ya yi ƙiba, ya buɗe shago na biyu, ko ciwon kai bai yi ba. Muna gaisawa, ina zuwa gidansa da salla, ina wasa da 'ya'yansa. Amma duk lokacin da wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba, sai na nemi wuri na zauna kafin in ɗauka.